Yadda Na Kai Ƙwallon Dabinon Baffa Ƙasar Indiya

Tun da na dawo ban huta ba. A masallaci, a ɗakin malamai, har a wurin mai shayin bakin titin Takur, tambayar guda ce: "Malam Habu, ya Indiya?" Kafin in buɗe baki sai a biyo ni da ta biyu, wai da gaske ne mutanen can idan abu ya dame su sai su hau tsauni su kama waƙa? To bari in zayyana labarin gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta. Amsar tambaya ta biyu kuwa, duk zamana a can ban ga wanda ya yi rawa a cikin furanni ba. Mutane na gani suna gudu kada jirgin ƙasa ya bar su.

Ni malamin kemistiri ne a wata sakandare a nan Dutse. A shekarar da wayar salula ta fara shigo mana aka ba ni gurbin horo na 'yan watanni a wani ɗakin bincike a kudancin Indiya, inda suke aikin batir mai caji irin na cikin wayar. Suka ce kowa ya taho da wani abu daga ƙasarsu wanda za a iya ƙonawa ya zama gawayi, domin ɓangare ɗaya na irin wannan batir da gawayi ake yin sa. Ina cikin tunanin ko in ɗauki ɓawon gyaɗa sai labari ya kai kunnen Baffa.

Baffa yayan mahaifina ne, kuma tun rasuwar mahaifin namu shi ne uba. Yana da garkar dabino a wajen hanyar Kiyawa. Kowa ya san Dutse da dabino mai kyau, amma na Baffa abin kunya ne: ƙwallo ne ƙato da aka yafa wa 'yar fata. Tun da garin ya zama babban birnin jiha gine-gine suka yi ta matsowa har suka kewaye garkar, shi kuwa Yaya Garba, babban ɗan Baffa, ya haɗa kan ƙannensa a kan a sare itatuwan a yi gidaje. Har ya yi magana da masu sara. Sai Baffa ya tara mu a zaure ya ce:

"Ga Habu nan zai kai ƙwallon dabinona Indiya. In ya ba da wuta, ba mai taɓa min bishiya. In bai bayar ba, ku sare, na yafe."

Yaya Garba ya amince nan take, yana dariya har da riƙe ciki. Aka kira liman da mai unguwa suka shaida. Ni da za a aika ba wanda ya tambaye ni ko abin zai yiwu.

Kafin a sami ƙwallo dole wani ya ci dabinon, nan ne wahala ta fara. Duk wanda ya je gaida Baffa sai an dire masa faranti, kuma ba ya tashi sai ya ajiye ƙwallayen a kwano. Har mutane suka fara canza hanya. Da buhu ya kusa cika, matata Hajara ta wanke su, ta shanya, ta soya su sama-sama a tukunyar ƙasa, don an gargaɗe ni cewa ba a shiga ƙasar da irin da zai iya tsirowa. Ranar tafiya Baffa ya riƙe hannuna a bakin mota ya ce, "Duk batirin da za ka haɗa, ka karanta masa abin da ya sawwaƙa, ka tofa kafin ka rufe. Kada ka ji kunyar Indiyawa." Na ce in sha Allahu, na kuwa yi alkawari.

A tashar Dutse direba ya so ya jefa buhun a but tare da wata akuya. Na ga yadda akuyar take kallon buhun, na ce a'a, na rungume abina a cinya har Kano. Wata dattijuwa a gefena ta tambayi abin da ke ciki, na ce na dabino ne. Ba ta jira ƙarshen maganar ba ta ce, "Ɗan nan, sammin mana." Ta zura hannu ta damƙo, ta buɗe tafinta ta duba, ta dube ni. Ba ta ƙara yi min magana ba, sai dai na ji tana gaya wa ta kusa da ita cewa boko yana taɓa wasu.

A filin jirgin Kano ma'aikacin da ya buɗe buhun ya tona har ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ina dabinon?" Na ce an cinye. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, wai tun da ya fara aiki bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗin jirgi don ya fitar da abin da aka tofar ba. Suka ɗaure min buhun da kansu, suka yi min fatan alheri irin wanda ake yi wa marar lafiya.

An sauke mu a wata ƙasar Larabawa, muka sauya jirgi, sai Bombay. A nan ba buhun ne ya fara ba ni matsala ba, ƙullin da Hajara ta cusa min a akwati ne. Jami'in ya kwance kuka ya shinshina, ya kwance yaji ya yi atishawa, da ya kwance daddawa kuwa sai ya ja da baya ya kira wani. Na kwatanta musu miya da hannu har suka gane. Da aka zo kan ƙwallon, ya ɗauki ɗaya ya gwada da haƙori, ya duba takardar gayyatata, sannan ya kaɗa kai hagu da dama. Na zaci ya ƙi ne. Na shiga roƙo, ina ba shi labarin Baffa da garka da masu sara, shi kuwa sai ƙara kaɗa kai yake. Sai da na bayana ya taɓa ni ya ce, "Tun ɗazu ya ce ka wuce." Ashe su haka suke cewa to.

Daga nan jirgin ƙasa ne zuwa kudu, tafiyar da na zaci ba za ta ƙare ba. Shayinsu akwai daɗi, amma a wani ɗan kofi ake ba ka wanda in mai shayin Takur ya miƙo wa mutum irinsa sai an raba su faɗa. Iyalin da muka zauna tare suka buɗe kwanukansu suka matsa sai na ci, kamar dai mutanenmu. Bambancin kawai, su ba sa kewaye-kewaye. Kafin mu wuce tasha biyu maigidan ya tambaye ni 'ya'yana nawa, me ya sa ba su fi haka ba, kuma me na yi wa haƙorina na gaba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a garin da na sauka shi ne shanu. Mu gidanmu asalinmu makiyaya ne, ko da yake yanzu alli muke riƙewa ba sanda ba. Sai ga saniya a tsakiyar titi, motoci suna kauce mata, ba igiya, ba makiyayi, ba mai nemanta. Na tsaya ina waige-waige ko zan hango mai ita. Da na matsa kusa sai na ga kaska ta cika mata kunne, ban san lokacin da na ajiye jakata na kama cire mata ba. Ina ɗagowa na ga mutane sun kewaye ni. Wata tsohuwa ta haɗa tafukanta ta rusuna min, wani ya ba ni ayaba. Sun ɗauka ibada nake yi, ni kuwa raina ne kawai ba zai iya ganin dabba a haka ba.

Masaukina ɗakin ɗalibai ne, da fanka mai ƙara da gado mai gidan sauro. Da na leƙa banɗaki na ga bokiti da moɗa sai hankalina ya kwanta, na ce waɗannan 'yan'uwa ne. Abinci ne dai muka daɗe ba mu shirya ba. A kan ganyen ayaba ake zuba shinkafa, a kewaye ta da miya kala-kala, kowacce tsululu, kowacce da tsami, ba ko ƙashi a ciki. In ka cinye a ƙara maka, in ka ce ya isa a ƙara maka, sai ka naɗe ganyen sannan a ƙyale ka. Ban san wannan ba a farko, na ci shinkafar da ban taɓa ci ba a rayuwata. Sai ranar Juma'a da na gano unguwar Musulmi na haɗu da nama, na kusa yi masa sallama.

Shugabar ɗakin binciken mace ce, 'yar gajeruwa, da farar rigar aiki a kan zanensu na gargajiya. Kowa Farfesa yake ce mata, kuma in ta shigo har fanka kamar rage ƙara take. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi. Ta haɗa ni da wani mai bincike, Selbam, mutum mai fara'a da gashin baki kamar tsintsiya, wanda yake yin nasa gawayin da ɓawon kwakwa.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Batir mai caji kamar rumbu biyu ne da ake kwashe hatsi daga wannan a zuba a wancan. In kana caji, wani sinadari mai suna litiyam yana tashi daga ɓangare ɗaya ya shige cikin ƙananan ramukan gawayi ya zauna. In kana amfani da wayar sai ya fito ya koma inda ya taso. Gawayi mai kyau shi ne wanda zai karɓa ya mayar, ya sake karɓa ya mayar, bai gaji ba. Farfesa kuma tana gwada wani sinadarin, sodiyam, wanda ke cikin gishiri da kanwa, domin shi ba ya wuyar samu. Su biyun duk ba sa shiri da ruwa. Ranar farko Selbam ya yanko ɗan mitsitsin sodiyam ya jefa a kwanon ruwa don in gani. Ya yi ta zagaye yana huci, ya yi tsalle, ya fashe. Wannan ita ce rawar da na gani a Indiya.

Muka ƙona ƙwallon Baffa a wani murhu da ba iska a cikinsa, muka niƙa, muka tankaɗe. Sai a kwaɓa garin da wani danƙo kamar kwaɓin lalle, a shafa shi siriri a kan fallen jan ƙarfe, a huda shi ƙanana-ƙanana daidai maɓallin riga. Daga nan a gasa su a wani murhun tun yau har gobe don kada ɗigon danshi ya rage. Sannan a ɗauko da sauri a kai wani babban akwatin gilashi wanda aka zuƙe iskar cikinsa aka sa wata busasshiya. Ba a buɗe shi. Safar hannu ce ta roba doguwa a maƙale a jikinsa, ka zura hannuwanka har kafaɗa ka haɗa batirin a ciki kana leƙe.

Tsakanin murhu da akwatin akwai ɗan lungu. A nan nake tsayawa in cika alkawarin Baffa. In buɗe murfin faranti, in karanta, in tofa, in rufe, in wuce.

Batirin Selbam suka yi ta karɓar caji suna mayarwa lafiya lau. Nawa kuwa su yi na farko da kyar, na biyu su rage, kafin a je ko'ina sun mutu. Muka sake ƙonawa da zafi mai yawa, suka mutu. Muka rage zafin, suka mutu. Da na ga haka sai na ƙara yawan karatun, na kuma ƙara ƙarfin tofin, suka riƙa mutuwa da wuri fiye da da. Wallahi ko sau ɗaya ban kawo komai a raina ba. Ni da nake koya wa yara cewa numfashi yana ɗauke da ruwa, ban taɓa sa tofi a lissafin ruwa ba. A wurina wannan fanni daban, wancan fanni daban.

Wata safiya Farfesa ta kira ni ofis ta ce lokacina ya kusa ƙarewa, kuma ga alama ƙwallon nan ba shi da amfani. Za a yi gwaji ɗaya na ƙarshe, in bai yi ba in koma kan kwakwa don kada in tafi hannu biyu. Na fito daga ofis. Ba takardar shaidar kammala horon ce ta dame ni ba. Baffa nake gani a tsaye a garka ana sara, ga shi shi ya ce ya yafe a gaban liman, ba shi da bakin magana. Ranar ko shinkafar ban iya ci ba, na naɗe ganyena tun kafin a zuba.

Da za a yi gwajin ƙarshe Farfesa ta ce za ta bi ni ƙafa da ƙafa ta ga komai da idonta. Niƙa, ta ce daidai. Kwaɓi, daidai. Shafi, har ta yaba. Washegari na ɗauko faranti daga murhu, tana biye da ni, Selbam yana biye da ita. Muka iso lungu. Na ɗan juya mata baya saboda ladabi, na buɗe murfi, na karanta, na tofa sau uku.

Farfesa ta leƙo farantin. Can ta ce, "Malam Habu, me ka yi yanzu?"

Na ce, "Addu'a ce, ranki ya daɗe. Baffana ne ya sa ni."

"Kowanne kake yi wa haka?"

"Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

Ta nemi kujera ta zauna. Ta ce, "Kwana da yini muna gasa abin nan don mu fitar masa da ruwa, kai kuma sai ka tsaya a nan ka mayar masa da bakinka?"

Na ce ai busasshen tofi ne, iska ce kawai. Ina faɗa, tun kafin in rufe baki na gane. Selbam ya jingina da bango yana dariya har gashin bakinsa yana rawa. Abin ya ba ni haushi, na ce masa shi fa, wa ya rataya wa murhu furanni ya shafa masa jan gari a goshi ranar bikinsu? Ya share hawaye ya ce, "Ni a waje na shafa nawa."

Na zaci Farfesa za ta hana ni. Sai ta tambaye ni ko alkawari na yi wa tsohon, na ce alkawari ne. Ta ce, "To ba za ka karya ba. Ka sa su a akwati tukuna, ka yi abinka daga waje. Addu'ar da ta taso tun daga ƙasarku ta ƙetare teku, gilashi ba zai tare ta ba."

Haka aka yi. Muka gasa sababbi, na shigar da su a bushe, na zura hannuwa a safa, kafin in rufe kowanne in kanga bakina a gilashi in tofa. Selbam ya ajiye tsumma na musamman don goge wurin. Batirin suka karɓi caji suka mayar, suka sake, suka yi ta yi har na bar ƙasar ba su mutu ba. Da sodiyam ma suka fi nuna hali. Ba su fi na kwakwa ba, gaskiya, amma ba su ji kunya a gabansa ba. Ranar sallama Selbam ya haɗa gawayina da nasu ɗaya ɓangaren ya yi min cikakken batir guda, Farfesa ta haɗo min da wani ɗan jan ƙwan fitila kamar ƙwayar dawa.

Washegarin dawowata, bayan la'asar, aka taru a garka: Baffa, Yaya Garba da ƙannensa, liman, mai unguwa, da duk waɗanda aka tilasta wa cin dabino, don su ma suna da haƙƙi. Har wani ya zo da baro don ɗaukar batirin. Na zura hannu a aljihu na fito da shi a tafina, ɗan abu kamar maɓallin riga. Aka fashe da dariya. Na haɗa wayoyin, amma hasken rana ya hana a ga komai. Yaya Garba ya ce, "Shi ke nan, a kira masu sara."

Baffa ya ce a dakata. Ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya ce in shiga ciki da kayana. Na durƙusa a ƙarƙashin riga ina riƙe da wayoyi, mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna cusa kai. Liman ya fara, ya fito ya ce, "Akwai wuta." Mai unguwa ya shiga ya fito ya ce akwai. Yaya Garba ya daɗe a ciki muna kallon juna ni da shi, jan hasken yana tsakaninmu. Ya fito ya ce kamar idon ɓera, amma dai akwai.

Sai ya sake dabara. Ya ce, "To Baffa, tunda abin bai wuce maɓalli ba, ai bishiya ɗaya ta isa. A bar ɗaya a sare sauran."

Baffa ya ce, "Madalla. Wadda ta ba da wutar za a bari. Habu, wacce ce?"

Na ce ai a buhu ɗaya aka haɗa su, a turmi ɗaya aka niƙa.

"To Garba, zaɓi wadda za ka fara sarewa. In ka sare mai wutar kuwa, ga liman ga mai unguwa."

Yaya Garba ya dubi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ya sa takalminsa ya tafi.

Da kowa ya watse na ga bai kamata in bar tsohon da dogon buri ba. Na ce, "Baffa, gaskiya fa ba wanda zai zo daga Indiya ya sayi ƙwallon nan. Suna da kwakwarsu, ta ishe su."

Ya ce, "Na sani. Ka zaci ban san dabinona ba? Ni ma ba na iya cin sa." Ya dafa bishiyar da ke kusa da shi. "Ni da babanka muka dasa su, muna samari. Ni na haƙa ramukan, shi ya je ya zaɓo irin. Bai iya zaɓe ba, Allah ya ji ƙansa."

Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Na tsaya ina kallon itatuwan har aka kira magariba, sannan na ɗauko masa sandarsa muka nufi masallaci.